Hutu A Ƙasar Waje Ba Shi Ne Maganin Haihuwa Ba

Malam Edita,

Ina roƙon ka ɗan ba ni fili domin in tofa albarkacin bakina a kan wata magana da ta zama ruwan dare a majalisunmu na Samaru da rumfunan kasuwar Sabon Gari, wadda kuma nake ganin tana cutar da bayin Allah waɗanda ba su da bakin magana. Ni dai manomi ne, in rani ya yi kuma in zauna a 'yar tiredata, karatuna bai wuce firamare ba, saboda haka masu ilimi su yi mini afuwa in sun ga hausata ta yi kaushi.

Maganar kuwa ita ce, duk lokacin da aka ce ga wani magidanci sun daɗe da matarsa Allah bai ba su haihuwa ba, har sun fara zuwa asibiti, to ba za a rasa wanda zai gyara zama ya ce, "Alhaji, ai damuwa ce ta yi wa Hajiya yawa. Ka ɗauke ta ku je Dubai ko Misra ku yi sati biyu ta huta, ka ga in ba ta dawo da ciki ba." Wani kuma ya ce a tafi Umra a haɗa hutu da addu'a. Nan da nan sai a kawo labarin wance matar wane da ta yi shekara goma babu ko ɓatan wata, amma daga dawowarta sai ga ciki. Ba wanda ke kawo labarin sauran da suka je suka dawo kamar yadda suka tafi, sai dai aljihu da ya yi sauƙi.

Abin ya zo har cikin gidanmu. Akwai ɗan ƙanin mahaifina da ke sayar da yadi a Sabon Gari, shekararsa tara da aure. Bayan an sha rubutu da sassaƙe da hayaƙi iri-iri, daga baya aka je asibiti, likitoci suka ce hanyoyin da ƙwai ke bi ya isa mahaifar matarsa sun toshe duka biyun, ba abin da ya rage sai dashen ƙwai, wato abin nan da suke kira IVF. Ya sayar da wani fegi da ya gada a wajen Bomo, ya ƙara da jarinsa, suka fara zirga-zirga zuwa wani asibitin kuɗi a Abuja. Ana cikin haka, an ma riga an sa musu ranar fara allurai, sai abokansa na kasuwa suka taso shi a gaba da zancen tafiya, har wani ejan ya kawo masa takardar farashin tikiti da biza da masauki. Mahaifiyarsa ma ta goyi baya, domin a ganinta yarinyar nan ta cika sa abu a rai. Da ƙyar aka shawo kansa ya fara tambayar likitan tukuna. Likitan kuwa bai ɓoye masa ba, ya ce in sun tafi a wannan tsakanin, to su ɗauka kuɗin alluran sun bi ruwa. Sai suka fasa. Dashen farko bai kama ba, yanzu suna tara kuɗin na biyu, kuma har gobe akwai masu cewa da sun tafi hutun nan da tuni an yi suna.

Da yake na raka su Abuja har sau biyu, na ga yadda aikin yake da idona, kuma ina so masu ba da wannan shawara su san shi. Aikin nan da agogo ake yin sa. Mace za ta yi kamar kwana 10 zuwa 12 ana yi mata allura kullum a fatar ciki domin ƙwayayenta su nuna da yawa a lokaci guda. Wasu daga cikin alluran nan a firji ake ajiye su, mu da wutarmu ba ta da tabbas sai da kula da ƙanƙara. A cikin waɗannan kwanaki duk bayan kwana biyu ko uku sai ta koma an yi mata hoton ciki, wani lokaci har da ɗibar jini, domin da abin da aka gani ne likita ke ƙara yawan maganin ko ya rage. In ƙwayayen sun kai, sai a yi mata wata allura ta ƙarshe, daga nan a ƙirga kamar awa 36 a ciro su. In aka makara, sai su fashe da kansu su bi jiki, shi ke nan an yi asara. Bayan an haɗa su da maniyyin miji a ɗakin gwaji, sai a jira kwana 3 zuwa 5 a mayar cikin mahaifa, sannan a yi zaman jiran kusan sati biyu kafin a auna a ga ko ya kama. To don Allah jama'a, a ina ne cikin wannan lissafi za a cusa sati biyu na yawon kantuna a Dubai?

Mu manoma bai kamata wannan ya ba mu wuyar ganewa ba. Wa ya taɓa ganin manomin da ruwan shuka ya sauka, shi kuma ya ɗauki jaka ya ce zai je ya huta ya dawo? Kuma ga mu kusa da Cibiyar Binciken Dabbobi da ke Shika, inda ake yi wa shanu baye na zamani. Duk wanda ya taɓa kai saniyarsa ya san in ta nuna alama, awowi ne kawai ake da su, in sun wuce sai a jira wani zagayen bayan sati uku. Ba ina kwatanta ɗan Adam da dabba ba ne, Allah Ya kiyaye, ina dai nuna cewa halitta tana da lokacinta da Allah Ya tsara mata, kuma ba ta jiran kowa ya dawo daga tafiya.

Ban da ɓata lokaci akwai haɗari. Alluran nan suna kumbura ma'ajiyar ƙwai, har wasu matan bayan an ciro ƙwan sai ciki ya tara ruwa, numfashi ya yi wuya, a kwantar da su a asibiti. Ba kowa abin ke samu ba, amma wadda ya samu tana bukatar likitan da ya san irin maganin da aka ba ta da yawansa. Yanzu a ce abin ya same ta a ɗakin otal a ƙasar da ba ta jin yarensu, mijin kuma ya tafi kasuwa sarin kaya, domin mu faɗi gaskiya, rabin masu wannan hutu sari ne ke kai su. Haka kuma magungunan suna sa jini saurin daskarewa a jijiya, zaman jirgi na awa huɗu zuwa biyar daga Kano zuwa Jidda ƙafa a lanƙwashe kuwa ƙara wannan haɗari yake yi.

Sai kuma ita kanta maganar cewa damuwa ce ke hana cikin zama. Akwai wani ɗalibin likitanci na Jami'ar Ahmadu Bello da ke haya a gidanmu, shi ya karanta mini wani bincike ya fassara mini. A shekarar 2011 wata farfesa mai suna Jacky Boivin ta Jami'ar Kadif a Birtaniya, ita da abokan aikinta, sun tattara bincike 14 da aka yi a kan mata 3,583 masu shirin wannan dashe. An auna damuwar kowacce kafin a fara, sannan aka duba su wa suka samu ciki. Sai aka tarar babu wani bambanci, mai damuwa da marar damuwa duk ɗaya ne wajen kamawar dashen. Abin da ya fi yin tasiri shi ne shekarun mace, domin daga wajen 35 raguwar ƙwai da rauninsu ke ƙara sauri, bayan 40 kuma abin ya yi ƙasa sosai, sai kuma irin matsalar da ta hana haihuwar tun farko. Hanyar da ta toshe saboda ciwon sanyi da ba a yi magani ba, ko ƙwayar cuta da ta shiga bayan ɓari ko haihuwar gida, ko tsargiya da 'ya'yanmu ke kwasowa a kududdufi da madatsun ruwa, wannan hanya iskar bakin teku ba ta buɗe ta.

Abin da ya fi ci mini rai a wannan shawara, Malam Edita, shi ne ɗora laifi da take yi a kan mace cikin lalama. In ka ce wa mace "ki kwantar da hankalinki ciki zai zo", ai ka gaya mata ke nan ita ce ta hana kanta. Ranar da jini ya zo mata, ban da baƙin cikin rashi, sai ta ƙara da zargin kanta cewa ta kasa kwantar da hankalin da aka ce ta kwantar. In kuma har an kashe miliyoyi an kai ta waje ta dawo babu labari, to ta shiga uku, domin za a ce ga shi an yi mata komai, har jirgi ta hau. Daga nan sai a fara raɗe-raɗin neman wata. Mu da ba mu da kuɗin jirgi ma muna da namu salon. Sai ka ji an ce "ta je gida ta ɗan huta", hutun da ba a sa masa ranar dawowa, kafin wata uku sai ka ji ana rabon goron ɗaurin aure.

Alhali kuwa wannan jarrabawa ba ta mace kaɗai ba ce, ba kuma tamu kaɗai ba ce. Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da rahoto a shekarar 2023 cewa kusan mutum 1 cikin 6 na manya a duniya yana gamuwa da matsalar rashin haihuwa a wani lokaci na rayuwarsa, ƙasashen masu kuɗi da na talakawa kusan duk ɗaya. In da hutu da jin daɗi ne magani, ai da Turawa ba su san wannan ciwo ba, ga shi kuwa a Ingila aka fara haihuwar jaririyar dashe a watan Yulin 1978. Likitoci kuma sun ce a kusan rabin ma'auratan da ke fama, akwai hannun namiji a ciki, ko shi kaɗai ko tare da matar. Amma je ka ɗakin jiran likitan mata a asibitin koyarwa na Shika ka ƙirga mazan da suka biyo matansu. Gwajin maniyyi bai da zafi, ba a yanka, ba a kwana, kuɗinsa bai kai na taya ɗaya ta mota ba, amma namiji ya gwammace ya sayi tikitin mutum biyu zuwa Alƙahira da ya miƙa 'yar kwalba a ɗakin gwaji. Wai shi lafiyarsa lau tunda yana iya kwanciyar aure. Ƙarfin namiji daban, ƙwayar haihuwa daban. Hangum da ya kama mutum bayan ya balaga ya sauka masa a maraina yana iya kashe ta, haka ciwon sanyi, har ma likitoci suna zargin maganin feshin nan da mu manoma ke goyawa a baya muna fesawa ba takunkumi ba safar hannu, rigar ma a jiƙe mu wuni da ita. Wannan kuwa ni kaina yana ba ni tsoro in na ga yaranmu a gonakin masara da tumatir.

Mu zo maganar kuɗi, domin nan ne talaka da mai matsakaicin hali ke faɗawa rami. Dashen ƙwai sau ɗaya miliyoyin naira yake ci, kuma ko a hannun ƙwararru, waɗanda bai kama musu a karon farko ba sun fi waɗanda ya kama wa yawa. Saboda haka duk likitan kirki zai ce maka ka shirya wa karo na biyu, wataƙila har na uku. Tun da aka saki naira a watan Yunin 2023, dala ta tashi daga wajen naira 460 a farashin gwamnati ta haura 1,500 a farkon 2024, tikiti da otal da magungunan dashen kansu duk suka bi ta, domin daga waje ake shigo da su. Ke nan kuɗin da mutum biyu za su kashe a sati biyu a waje, shi ne kuɗin da zai kai su rabin hanyar gwaji na biyu, ko ma ya biya shi. Wanda Allah Ya hore wa, yana iya yin duka biyun, ba ruwana da aljihunsa. Da ɗan kasuwar da ya sayar da gado nake, wanda in wannan kuɗi ya tafi, sai ya yi shekara biyu ko uku kafin ya sake tara irinsa, matarsa kuwa shekarunta ba tsayawa suke yi suna jiransa ba. Shi abokin da ya ba da shawarar a majalisa, ko sisi ba zai kawo ba.

Game da Umra, ina roƙon kada a yi mini mummunar fahimta. Ni musulmi ne, na yarda babu mai bayarwa sai Allah, kuma mun san Annabi Zakariyya, Alaihis Salam, ya roƙa ya samu bayan tsufa ya kama shi. Wanda ya samu hali ya je ya roƙa a gaban Ka'aba, Allah Ya karɓa. Amma Umra ibada ce mai wahalar jiki, ba hutu ba ce. Ga ɗawafi cikin turereniya, ga Safa da Marwa sau bakwai wanda ya haura kilomita 3, ga zafin da a aikin Hajjin 2024 ya yi sanadin rasuwar mutum fiye da 1,300. Macen da cikinta ke a kumbure da allurai, ko wadda aka yi wa dashe shekaranjiya, ba wurin zuwanta ba ne a wannan makon. Umra tana nan duk shekara, ana iya zuwa kafin a fara ko bayan an gama. Addu'a kuma daga kan tabarma a Hayin Dogo ma tana isa.

Wasu kuma za su ce to ai can wajen za a yi dashen gaba ɗaya, a jefi tsuntsu biyu da dutse ɗaya. Wannan wata magana ce daban, kuma wanda ya zaɓi haka ya sani jinya ya tafi, ba shaƙatawa ba, zai yi kusan wata guda yana biyan otal da kuɗin waje, in bai kama ba kuma sai ya sake biyan jirgi. Aikin nan ba baƙo ba ne a Nijeriya. Tun 1989 aka ba da labarin haihuwar jaririn dashe a asibitin koyarwa na Jami'ar Legas a hannun Farfesa Ashiru da Farfesa Giwa-Osagie, a 1998 kuma Dokta Ibrahim Wada ya yi nasarar irin wannan a yankin Abuja, yau kuwa har Babban Asibitin Ƙasa na Abuja yana yi. Sannan duk inda mutum zai je, gida ko waje, ya buɗe ido ya san abin da yake sa wa hannu. Fatawar da Muftin Misra na lokacin, Shaihu Jadul Haƙƙ, ya bayar a 1980 ta halatta dashen ne da sharaɗin ƙwan na matar ne, maniyyin na mijinta ne, kuma auren yana nan. Akwai ƙasashen da sayen ƙwai ko maniyyin wani ba komai ba ne a wurinsu, takardun kuma da yaren da ba ka ji.

Duk da haka ban ce mace mai wannan jinya ba ta bukatar hutu ba. Wallahi tana bukata fiye da kowa. Na ga matar ɗan'uwan nan nawa, cikinta duk tabon allura, ta taso daga Zariya da asuba ta bi hanyar Kaduna zuwa Abuja a yi mata hoton minti goma, ta dawo ta tarar da tulin wanke-wanke da baƙin da ke jiran tuwo. Likitocin ma sun ce gajiya da ƙuncin rai suna cikin manyan dalilan da ke sa ma'aurata su watsar da magani a tsakiya tun ba a kai ga nasara ba. To a nan ne hutu ke da amfani, yana ba mutum ƙarfin ci gaba. Mai hali ya kai matarsa duk inda yake so a tsakanin gwaji da gwaji, bayan likita ya ce ba komai, musamman da yake yanzu ana iya daskarar da ƙwan da aka haɗa ya jira watanni. Amma ya kai ta domin ta sha wuya ta cancanci a kyautata mata, kada ya kai ta da sharaɗin ta dawo da ciki, kada kuma a tare ta a filin jirgi ana leƙen fuskarta ana tambayar ko akwai labari.

Mu kuma marasa hali, hutun da matanmu suka fi nema ba ya bukatar fasfo. A ɗauke mata girki da ɗibar ruwa a kwanakin allura, a samo wata ƙanwa ta zo ta taya ta. A daina tilasta mata zuwa kowane suna a unguwa tana zama ana miƙa mata jariri ana cewa "Allah Ya kawo naki" da wata irin murya. Miji ya samu mahaifiyarsa a keɓe, cikin ladabi, ya ce "Inna, don Allah a bar yi mata gori, likita ya ce abin ba daga halinta ba ne", ya kuma ja kunnen ƙannensa mata da ke kiranta juya a bayan ido. In an samu sarari ya ɗauke ta a babur da yamma su zaga ta bakin dam ɗin jami'a, ya saya mata tsire, su yi hirar da babu maganar haihuwa a ciki ko sau ɗaya.

Daga ƙarshe ina kira ga likitocin mata na Shika da su riƙa shiga gidajen rediyo suna bayyana wannan al'amari da Hausa, su kuma riƙa gaya wa ma'aurata tun ranar farko waɗanne kwanaki ne za a iya tafiya, waɗanne ne ba za a iya ba, domin da yawa kunya ke hana su tambaya. Malamanmu masu wa'azi su ma su taɓo maganar gwajin maza a kan mumbari, tunda su in sun faɗa ana ji. In akwai likita cikin masu karanta wannan shafi da zai ƙara mana haske a kan tsawon lokacin da ya kamata mace ta jira bayan an ciro ƙwai kafin ta hau jirgi, to ya taimaka ya rubuto.



Naku,
Manomi kuma ɗan tireda,
Samaru, Zariya.